Ciwon Kunnen Yara a Karkarar Arewacin Kano: Abin da Ke Biyo Bayan Mura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauka a ƙasar Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Tsanyawa, da wuya ka shiga gidan da babu yaro mai majina. Mura ce, an saba da ita har ba a lissafa ta cikin cututtuka. Sai dai a cikin yaran nan akwai waɗanda bayan 'yan kwanaki da kamuwa za su farka tsakar dare da kuka mai tsanani, jiki rau da zafi, a ba su nono su kama su saki, hannu yana ta kai wa kunne. Gari na wayewa kaka ta ce haƙori ne, uba ya ce zazzaɓi ne, a aika yaro kemis. Bayan kwana ɗaya ko biyu kukan ya tsaya cak, a ga wani ruwa mai kauri ya bushe a gefen kunne da jikin zanin goyo. A nan hankalin gida yake kwanciya, a ce, "Ai ya fashe, ya huta." A ganina wannan kwanciyar hankali ita ce mataki mafi haɗari a duk tafiyar ciwon, domin daga nan ne ake daina kula, kuma daga nan ne hanyar kurumta take farawa.

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje, wato fatar da muke gani da ramin da ya shiga ciki har ya tsaya a dodon kunne. Akwai can ciki, inda jijiyar ji take. Tsakaninsu kuwa, a bayan dodon, akwai wani ɗan fili mai iska, ɗauke da ƙananan ƙasusuwa uku da ke miƙa motsin sauti zuwa ciki. Shi ne kunnen tsakiya. Kafa ɗaya tak gare shi, wata siririyar hanya da ta gangara ta ɓulla a bayan hanci, ta nan iska ke shiga, ta nan kuma danshi ke fita. Aikinta kamar na rariyar gida ne: muddin tana buɗe tsakar gida a bushe take, ranar da ta toshe kuwa ruwa ya kwanta ya ruɓe. Mura ita ce mai toshe ta. Ƙwayar bairas ta kumbura cikin hanci da bakin hanyar, iska ta daina shiga, ruwa ya taru a bayan dodo, sannan ƙwayoyin bakteriya da dama can suke zaune a bayan hancin yaro su haura su yi ta hayayyafa. Uku ne suka fi yawa: nimokokas, wadda ita ce kuma ke kawo ciwon huhu da wani nau'in sanƙarau, sai Haemophilus influenzae, sai Moraxella catarrhalis. Mugunya ta taru, ta rasa mafita, ta danno dodon kunne waje. Wannan dannawar ce azabar da ke hana yaro barci. Idan matsin ya kai maƙura dodon ya huje, mugunya ta gangaro, zafi ya sauka. Ciwon yana nan, ƙofa kawai ya samu.

Abin ya fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 2, saboda hanyar nan a jikinsu gajera ce kuma kusan a kwance take, garkuwar jikinsu ba ta ƙosa ba, ga mura a kai a kai. Wani nazari da aka buga a 2012, wanda ya tattaro bayanai daga sassan duniya, ya ƙiyasta cewa ana samun wannan ciwo sau miliyan 709 kowace shekara, rabi a jikin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Mutum miliyan 31 ne ciwon ke zame wa zubar mugunya mai daɗewa, wasu dubu 21 kuma suna mutuwa daga abin da ya biyo baya. A nazarin, Afirka ta Yamma da ta Tsakiya su ne kan gaba wajen yawan kamuwa.

Wanda ya san yadda ake zaune a karkarar nan ba zai yi mamakin haka ba. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona ta haɗe da gona, ƙauye yana hango ƙauye, ba a barin saura. Gida ɗaya yakan ɗauki iyalai da yawa, ɗaki ɗaya uwa da 'ya'yanta huɗu ko biyar, don haka mura idan ta shigo sai ta zagaye kowa. Itace ya yi tsada, girki ya koma kara da ƙirare, masu hayaƙi fiye da wuta, kuma uwa tana tsugunne gaban murhu da jariri a bayanta, shi ma yana shaƙa. Da sanyi ya tsananta a shigo da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa. Ɗakin maijego ma haka, a gasa shi da wuta makonni, jaririn yana ciki. Ba na cewa a bar mutane cikin sanyi. Amma hayaƙi yana raunana ƙananan gasun da ke share hanci da hanyar kunne, kuma bambancin da ke tsakanin garwashin da ya gama ci a waje kafin a shigo da shi da itacen da ke ci a cikin ɗaki bambanci ne babba ga ɗan wata shida. A ƙara da ƙurar hunturu, da tamowa, da ƙyanda wadda ciwon kunne yana cikin abubuwan da ta fi barin wa yaro, da taba idan uban yana sha a ɗaki.

Akwai maganar da nake so a daina faɗa wa mata, wato wai nono ne ya zuba wa yaro a kunne don uwar tana shayar da shi a kwance. Nonon da ya ɗiga ta waje ba shi da hanyar wuce dodon kunne mai lafiya. Farin ruwan da ake gani mugunya ce daga ciki. Nonon uwa ma kariya ne, musamman idan shi kaɗai aka ba jariri har wata 6, abin da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya suke samu. Inda ciyarwa take da laifi shi ne fida da ake cusa wa jariri yana kwance rigingine, da kuma ɗura, a toshe wa yaro hanci a kwarara masa kunu. Ɗura tana tura abinci bayan hanci inda bakin hanyar kunne yake, ga kuma haɗarin da ya fi wannan, na sarƙewa zuwa huhu. Haƙori kuwa ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya fitar da mugunya. Ya dai zo daidai da shekarun da ciwon kunne ya fi yawa ne, shi ya sa yake ɗaukar laifin.

Gane ciwon abu ne mai sauƙi ga wanda ya leƙa, mai wuya ga wanda bai leƙa ba. Yaron da ya iya magana zai ce kunnensa ke ciwo. Jariri kuwa sai dai alamu: kuka da ke ƙaruwa idan an kwantar da shi, ƙin nono, zazzaɓi, wani lokaci amai ko gudawa. Jan kunne shi kaɗai ba hujja ba ne, yara masu lafiya ma suna yi. A wajenmu kowane zafin jiki sunansa zazzaɓin cizon sauro, alhali shi ƙarfinsa daga tsakiyar damina zuwa kaka ne. Idan aka yi gwajin jini na nan take ya nuna babu, aikin bai ƙare ba, sai a duba ƙirji da maƙogwaro da kunne. Ko ya nuna akwai, yaro yana iya ɗauke da biyun.

Kayan aikin wata ƙaramar fitila ce mai gilashi da ake sa bakinta a ramin kunne. Dodo mai lafiya fari-fari ne mai ɗan ƙyalli, har ana hango inuwar ƙashi ta bayansa. Mai ciwo kuwa ya kumburo waje, ya dushe, ya yi ja ko ruwan ɗorawa. Kumburin shi ne shaida. Ja kaɗai ba ya isa, domin kuka ma yana sa dodon yaro ya yi ja, kuma an sha ba yara magani a kan haka. A manyan asibitoci sukan hura 'yar iska su ga ko dodon yana motsi. Leƙawar ce kuma ke raba wannan ciwo da masu kama da shi. Akwai ciwon ramin waje, wanda yara kan samo a wankan kududdufi ko a bakin madatsar Thomas da ta Watari, shi idan ka ja fatar kunnen yaro zai yi ƙara. Akwai ƙwayar wake ko ta dawa ko ƙwaro da ya maƙale. Akwai ruwan da ke kwance bayan dodo ba tare da zafi ba. Akwai kuma ciwon haƙori ko na maƙogwaro da ke harbawa zuwa kunne. Kowanne maganinsa daban.

Ƙananan asibitocin karkara da yawa ba su da wannan fitila. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun san da haka lokacin da suka tsara jagorar kula da cututtukan yara a shekarun 1990, wadda ma'aikatan lafiyarmu na matakin farko suke koyo. Jagorar ta ce a tambayi uwa ko akwai ciwon kunne, ko yana zubar da ruwa, kuma kwana nawa ke nan. A duba ko mugunya na fita, a shafa bayan kunne a ji ko ya kumbura. Wannan tambaya ta kwanaki ita ce ginshiƙi. Ƙasa da kwana 14 sabon ciwo ne, daga 14 zuwa sama ya zama daɗaɗɗe, kuma magani ya canja. Shi ya sa idan ma'aikaci ya ce, "Inna, tun yaushe?" amsar "ya ɗan kwana biyu" ba ta taimakonsa. Gara a ce tun ranar kasuwar da ta wuce, ko tun Juma'ar sunan wane.

Magani na farko na zafi ne, kuma ana yawan raina shi. Farasitamol gwargwadon nauyin yaro, a kan lokaci, har da dare. Ibufurofen ma yana yi, ban da jariri ƙarami da yaron da ruwan jikinsa ya ƙare. Asfirin ba na yara ba ne. Ruwan maganin mura da na tari da ake jerawa a kemis ba sa buɗe hanyar kunne, ba sa rage kwanakin ciwon.

Inda ake da zance shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen da suka ci gaba sun nuna cewa kusan yara 6 cikin 10 zafin yana barinsu cikin awa 24, an ba su maganin ko ba a ba su ba, kuma mafi yawa suna warkewa cikin kwana 3 zuwa mako. Likitocin Holand tun shekarun 1980 suke bin hanyar a ba da maganin zafi a jira. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta amince da jiran ga wasu yara a 2004, ta sake tsara shi a 2013, Ingila ma jagorarta ta 2018 a kan haka take. Dalilinsu mai ƙarfi ne: maganin yana kawo gudawa da ƙuraje, kuma yawan shansa ba bisa ƙa'ida ba yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin sa. Amma ko a can ba kowa ake sa wa jira ba. Jariri ɗan ƙasa da wata 6, da ɗan ƙasa da shekara 2 da kunnuwansa biyu suka kamu, da wanda mugunya ta riga ta fito, da mai zazzaɓi ko zafi mai tsanani, duk su ne maganin ya fi amfana.

Jiran nan an gina shi ne a kan sharuɗa uku: wani ya leƙa ya tabbatar, yaron ƙosasshe ne, kuma za a iya dawo da shi cikin kwana 2 ko 3 idan bai samu sauƙi ba. A auna su da halin wata uwa a ƙauyen da ke bayan Tsanyawa a watan Janairu. Maigida ya tafi cin rani, fita sai da izini, kuɗin acaɓa zuwa da dawowa sai an sayar da kaza, yaron kuma dama bai cika nauyi ba. A ce mata "je ki dawo jibi" daidai yake da a sallame ta. Saboda irin wannan ne jagorar da na ambata ta ce duk ƙaramin yaro mai sabon ciwon kunne a ba shi amoksisilin na kwana 5, da farasitamol, a sake ganinsa bayan kwana 5. Ina tare da wannan matsayi ga ƙananan yaran karkara. Babban yaro mai ƙarfi da ke kusa da asibiti, wanda aka leƙa kunnensa, shi ana iya jira da shi.

Abin da ke faruwa a zahiri kuwa ba jiran ba ne, ba kuma cikakken maganin ba. A je kemis a ce a ba da na kuɗi kaza, a yanko ƙwaya huɗu, ko a sayo kwalba a ba yaro kwana biyu, da kuka ya tsaya a ajiye sauran don ƙanensa. An ɗauki illar maganin ke nan an bar amfaninsa. Ruwan amoksisilin da aka dama ba ya jure ajiya, balle a zafin ɗakin kwano, shi ya sa ƙwayar da ake narkarwa a cokali da ruwa ko nono ta fi dacewa da ƙauye. Allura ma da ake ganin ta fi ƙarfi ba ta fi na sha ba ga yaron da ke iya haɗiya. Ba na ɗora wa masu kemis laifin duka, su ne kusa, su ne ke buɗe da dare. Amma wanda ya san uwa ba za ta iya sayen na kwana biyar ba, gaskiya ita ce ya faɗa mata cewa rabi ba ya aiki.

Idan dodo ya huje, ƙa'idar guda ce: kunne ya zauna a bushe. A sami tsumma mai laushi mai tsabta, a murɗa shi ya zama lagwani, a sa a ramin ya tsotse mugunyar, a cire a sa wani har ya fito a bushe, sau uku a yini. Ba tsinke, ba ashana, ba gashin kaza. Wajen wanka a kare kunnen, a hana yaro iyo. Kada a ɗiga mai kowane iri, ko ruwan albasa, ko na ganye, ko turare, kada kuma a barbaɗa gari. Na san ana yi ne don tausayi, kaka ba ta iya zama tana kallon jikanta yana kuka. Amma yanzu ƙofa a buɗe take, duk abin da aka zuba kai tsaye yake shiga kunnen tsakiya da dattinsa. A asibitocin Nijeriya an sha ganin yaran da cutar tetanus mai sarƙe haƙora ta shige su ta kunne mai zubar da mugunya. Hatta maganin ɗigawa na kanti ba kowanne ba ne ya dace, masu ɗauke da jentamaisin ko niyomaisin suna iya taɓa jijiyar ji idan dodo a huje yake. Ƙaramin huji da aka kula da shi yakan rufe da kansa cikin 'yan makonni. Wanda aka bari yana jiƙe kuwa wasu ƙwayoyin daban ne ke shigowa daga waje su zauna, amoksisilin na sha ba ya yi musu komai, sai share kunne da ɗigon sifrofuloksasin na mako biyu. A nan ne ake samun yaron da ke shekara da shekaru kunne yana wari, ƙuda na bin sa, 'yan'uwansa suna gudun zama kusa da shi.

Wasu alamu ba sa jiran wayewar gari. Kumburi mai zafi a bayan kunne har kunnen ya turo gaba, alamar mugunya ta shiga ƙashi. Sanƙarewar wuya, jijjiga, maɗiga ta kumburo, barcin da ba a iya tashin yaro, amai da duk abin da ya ci, karkacewar baki. Haka jariri ɗan ƙasa da wata 2 da ya yi zazzaɓi, kome dalili. Tsakanin kunnen tsakiya da ƙwaƙwalwa ɗan siririn ƙashi ne kawai. Waɗannan sai babban asibiti, na Bichi ko na Ɗambatta ko wanda ya fi kusa, daga nan idan da buƙata a miƙa su Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suke.

Mutuwa daga ciwon kunne ba ta da yawa. Asarar da ta fi yawa ta ji ce, kuma ba ta da hayaniya. Ko bayan an warke ruwa yakan zauna bayan dodo makonni, ga wasu har wata 3, yaro yana ji sama-sama. Idan ciwon yana dawowa, ko hujin bai rufe ba, wannan yana faɗawa daidai shekarun koyon magana. Sai yaro ya yi jinkirin baki, a makarantar allo ya kasa riƙe biyawa, a firamare a kai shi layin baya, a kira shi bai waiwayo ba a ɗauka taurin kai ne a kai masa bugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara daga abubuwan da ake iya hanawa yake. Yaron da ya wuce wata 3 da ciwon bai koma ji daidai ba, ko ciwon ya kama shi sau uku cikin wata 6, ya cancanci a kai shi a auna jinsa. Hujin da ya ƙi rufewa ana yi masa faci ta tiyata, kuma a Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tun 1999.

Riga-kafi yana taimakawa, amma kada a yi masa alƙawarin da ba nasa ba. Allurar nimokokas ta shigo jadawalin Nijeriya a Disamba 2014, ana yin ta a mako 6 da 10 da 14. Babban aikinta kare huhu da ƙwaƙwalwa ne, ciwon kunne kuwa kaɗan take ragewa, domin ƙwayoyin da ke kawo shi sun fi waɗanda ta ƙunsa yawa. Ta ƙyanda a wata 9 da wata 15 tana toshe wata babbar ƙofa. Ta tetanus tana cikin allurar nan mai haɗe da cuta biyar.

Ranar riga-kafin kanta dama ce da ba a cika amfani da ita ba. Ita ce ranar da iyaye mata suke taruwa da yara daidai shekarun da ciwon ya fi kamawa, kati a hannu, ma'aikaci a zaune. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, kuma manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta sami asibitin matakin farko mai aiki. Fitilar leƙa kunne ba ta cikin kayan tsada. Akwai ma wadda ake kira Arclight, da aka haɓaka tare da Jami'ar St Andrews ta Sukotilan, tana caji da hasken rana, ta shiga aljihun riga, an yi ta ne musamman don wuraren da babu lantarki. Abin da ya rage shi ne makarantun koyon aikin lafiya na jihar su tabbatar ɗalibi ya leƙa kunnuwa masu yawa, masu lafiya da marasa lafiya, kafin a tura shi ƙauye, domin ido sai ya saba yake rarrabe dodon da ya kumbura da wanda kuka ya sa ya yi ja. Sannan a ƙara tambaya ɗaya a layin awo da allura, ko kunnen yaron ya taɓa yin ruwa, a rubuta ranar da ya fara a jikin katinsa, yadda duk ma'aikacin da ya gan shi nan gaba zai iya ƙirga kwana 14 da kansa.